Kwandala Huɗu a Goshin Jirgi Ɗaya

Gwaggo Jezeema, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, kuma kada ki tura wasiƙata ƙasan tari, domin wa'adin da aka ba ni Alhamis ta sama ne. Ina rubuto miki daga wani ƙauyen masunta kusa da Kalmunai, a gaɓar gabashin ƙasarmu Sri Lanka. Sunayen da za ki gani duk na canza su. Garinmu ƙarami ne, ko tari mutum ya yi sai an san gidan da ya fito.

Shekara shida na yi ina aikatau a Kuwait. Ba zan cika ki da labarin can ba, kin sha jin irinsa. Banɗaki huɗu kullum, da tsohuwa mai ciwon ƙafa wadda ba ta taɓa kiran sunana daidai ba. Na bar autata tana rarrafe, na dawo na tarar tana ɓuya a bayan ƙanwata in na miƙa mata hannu. Abu ɗaya ya riƙe ni a can: mijina Nawfer ya samu jirginsa na kansa. Shekara goma sha tara yana fita teku a jirgin mutane. Kin san rabon: rabi na mai jirgi da inji, rabin a raba uku. Ranar da ba a kama komai ba kuwa, sai a raba gajiya.

To, na dawo da kuɗina a daidai lokacin da ƙasa ta tsaya cak. Babu dala, babu kananzir, babu inji, babu ƙaron da ake zuba jirgin faiba da shi, wato jirgin roba mai tauri. Wuraren ƙera jirage uku muka je, duk sun rufe ƙofa. Sai aka ce mana akwai wani dila, Alhaji Thasleem, shi har yanzu yana karɓar oda. Mutum ne mai farin gemu, sahun gaba a masallacin Juma'a, kowa ya san shi.

Gwaggo, da kin ga tarbar da ya yi mana! Shayi da madara, a lokacin da madarar gwangwani ta gagari kowa. Ya kai mu bayan shago, ga jirgi nan sabo fil, ko fenti ba a yi masa ba, tsawonsa ƙafa ashirin da uku. Nawfer ya shafa shi kamar mai shafa kan jariri. Muna tsaye waya ta yi ƙara, Alhaji ya ɗauka yana ɗaga murya: "Haba ɗan'uwa, na ce maka akwai mutane a gabana! In ba su ɗauka ba, naka ne. Kana kan hanya da kuɗin? To, bari mu gani." Ya kashe, ya girgiza kai, ya ce mini: "Ƙanwata, kin ji da kunnenki. Mutumin garin Trinco ne. Ni dai na fi son ya zauna a garinmu. Yau kuɗinsa rufi miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ne, da inji. Gobe ko ni ban san farashinsa ba."

Na ce mu je gida mu yi shawara. Nawfer ya dube ni da wani irin ido, ban taɓa ganin yana roƙo da ido haka ba. Kafin la'asar na kawo kafin alƙalami, dubu ɗari tara. Shekaruna shida ke nan cif, ban rage ko na sabulu ba.

Na nemi rasit, kada ki ce ban nema ba. Alhaji ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce: "Takarda? Ke 'yar masunta ce kuwa? Takarda ruwa ke cinye ta. Kin zo da kwandalarki?" Kin san al'adarmu, mai sabon jirgi yana binne kwandala a goshinsa, a rufe ta da ƙaro, tana nan har jirgin ya tsufa. Da an sa ta, magana ta ƙare, jirgi ya yi mai shi. Ina da wata 'yar kwandalar Kuwait da na ɓoye daga albashina na farko. A gabanmu ya sa hannu ƙarƙashin katakon zama na gaba, ya manna ta, ya shafe da ƙaro, muka yi Fatiha. Nawfer ya yi kuka. Namiji mai shekara arba'in da uku, wallahi ya yi kuka.

Da za mu tafi Alhaji ya riƙo hannun Nawfer ya rage murya: "Mutum bakwai na tsallake na ba ku. Ko uwarka kada ta ji. Baki ya fi igiyar ruwa saurin kifar da jirgi." Muka ce to. Wa zai fita yana shelar sabon jirgi a shekarar da mutane ke cin shinkafa sau ɗaya a yini? Muka ja bakinmu muka tsuke, har muna jin daɗin sirrin.

Wata biyar ke nan. Inji yana tashar jiragen ruwa ta Kolombo. Inji ya fito amma babu man da mota za ta ɗauko shi. Mai fenti yana kwance da zazzaɓi. An ƙara kuɗin kwastan, sai mun kawo dubu ɗari, na kai awarwarona banki na jingina na kawo. Kullum da murmushi, kullum da shayi, kullum "ƙanwata, haƙuri, saura ƙiris."

Ranar Litinin da ta wuce na je ni kaɗai da hantsi, Nawfer yana teku. Ba kowa a bayan shago. Na tarar an kifa jirgin a kan ganguna, an cire katakon zaman, da alama fenti za a yi. Na ce bari in leƙa in ga 'yar kwandalata. Na sunkuya na shiga ƙarƙashi. Gwaggo, faiba in ba fenti, rana tana ratsa ta kamar yadda take ratsa tsohon zane. Na ɗaga kai. Inuwa huɗu na gani a goshin jirgin, zagaye-zagaye, a jere. Tawa ce ta uku, na gane ta don ta fi sauran ƙanƙanta. Sau uku ina ƙirgawa. Na zauna a ƙasa cikin ƙurar faiba.

A nan ya same ni. Na zaci zai yi musu, ko ya yi borin kunya. Ko kusa. Ya jawo kujera ya ce: "Zauna, ƙanwata, ki sha ruwa." Na ce: "Alhaji, kai da Allah! Jirgi ɗaya, mutum huɗu?" Ya ce: "Ni ba ɓarawo ba ne, ƙasa ce ta karye a kaina. Kuɗin jirgi huɗu na karɓa a tsohon farashi, ƙaro ya ninka uku a wata biyu. Abin da ya saya ke nan, jirgi ɗaya da inji ɗaya. Injin gaskiya ne, yana ɗakin ajiya, zo ki gani." Ya nuna mini, yana nan cikin kwalinsa.

Sannan ya ce: "Tunda Allah ya nuna miki, ke ce mai rabo. Ki kawo dubu ɗari huɗu kafin Alhamis ta sama, in yi rajista da sunan mijinki, mota ta fitar da shi da asuba. Ragowar ki biya a hankali. Sauran zan lallaɓa su, in abubuwa sun daidaita kowa zai samu nasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma in kika buɗe baki, za su taso mini gaba ɗaya, in ɗaga hannu in ce na karye, kotu ta kulle jirgin, ku shekara goma kuna zarya. Ke za ki zaɓa."

Da na yi shiru na tafi da ya fi mini. Amma bakina bai bar ni ba, na ce: "Ta farkon ta waye?" Ya ɗan kau da kai ya ce biyu mutanen wasu garuruwa ne. Ta farkon ta Baba Meeralebbe ce.

Gwaggo, Baba Meeralebbe maƙwabcinmu ne, gida uku tsakani. A jirginsa Nawfer ya yi shekara goma sha ɗaya, shi ya koya masa karatun ruwa da iska. Bara igiyar ruwa ta buga jirgin nasa a kan duwatsu ya tsage biyu. Mun ji an ce matarsa ta sayar da gonar shinkafarta, muka zaci cin abinci suke yi da kuɗin. Lokacin da nake Kuwait, autata ta yi zazzaɓin da ya kusa tafiya da ita, Nawfer yana teku, wannan tsoho ne ya saɓa ta a kafaɗa har asibiti. Makon jiya ya shigo gidanmu yana taunar ganyen nan da tsofaffinmu ke ci kamar goro, bakinsa jawur, yana ta ƙifta ido. Ya ce: "Kai Nawfer, ragon banza, kada ka yi wa kowa alkawarin hannunka wata mai zuwa. Akwai magana, amma an ce in rufe baki." Nawfer ya yi dariya ya ce: "Baba, kai ma kada ka yi wa kowa alkawarin naka, tsofaffin hannuwan nan suna da aiki a wurina." Suka yi ta ƙyaƙyata dariya, kowa yana ganin ya fi ɗan'uwansa wayo. Ashe jirgi ɗaya suke ɓoye wa juna.

Ban faɗa wa Nawfer ba. Na san halinsa. Ko dai ya ɗauki wuƙar fawar kifi ya nufi shagon, ko ya sunkuyar da kai ya ce a bar wa Baba, shi ya riga mu. Duka biyun ni ce a ƙasa. Dubu ɗari huɗun kuwa na san inda zan samo. Ejan ɗin da ya kai ni Kuwait ya ce in na sa hannu a kan ƙarin shekara biyu, zai ba ni kuɗi a hannu tun kafin in tashi. Na riga na je ofishinsa, takardar tana cikin jakata, ban sa hannu ba tukuna.

Ba zan yi miki ƙarya ba, zuciyata tana son in karɓi tayin Alhaji. Ni na yi wa tsoho zamba? Ba ni ba ce. In na ƙi, wani cikin biyun nan zai karɓa, Baba dai bai samu ba, ni ma ban samu ba. Wa ya ji tausayina lokacin da nake goge tayil da gwiwoyina? Iskar damina ta kusa rufe teku, in jirgi bai shiga ruwa wannan watan ba sai baɗi. Amma jiya na haɗu da tsohon a hanyar kanti, ya ce "'yata, kin rame, ko Nawfer ba ya ba ki kifi ne?" Na kasa ɗaga ido. Na shiga gida na rufe ƙofa na yi ta kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Ki faɗa mini gaskiya, Gwaggo. In na karɓa, sata na yi? In na fasa ƙwai, na ƙona shekaruna shida da hannuna? Ina tsoron Allah, ina tsoron talauci, ina tsoron idon tsohon nan, ban san wanda ya fi ba.

'Yarki,
Wadda Ta Ƙirga Huɗu

AMSAR GWAGGO JEZEEMA

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na sa ta a gaba da duk na wannan makon. Sannu. Abin da aka yi miki zalunci ne, kuma son da zuciyarki ke yi wa jirgin nan bai mai da ke muguwa ba. Guminki ne a ciki.

Amma kada ki ba shi ko rufi ɗaya, kuma ki fitar da takardar ejan ɗin nan daga jakarki.

Bari in fara da lissafi kafin in zo kan tsoron Allah, don na ga lissafin ne ke hana ki barci. Mutumin da ya manna kwandala huɗu yana Fatiha a kan kowace, me ya sa kike ganin ke kaɗai ya yi wa tayin Alhamis? Ni 'yar masunci ce, na san irinsu. Ba mamaki mutanen garuruwan nan biyu su ma an ce musu su ne masu rabo, kowa da ranarsa. Ki kawo dubu ɗari huɗu, ranar Juma'a a ce miki ofishin rajista babu wuta. Ke kina can kina goge tayil shekara biyu, jirgi yana nan a kan ganguna yana jiran kwandala ta biyar.

Mu ce ma ya cika alkawari. A wace gaɓa za ku ajiye jirgin? Yashin garinku ɗaya ne. Baba Meeralebbe ya shafa jirgin nan da hannunsa, zai gane shi ko an yi masa fenti bakwai. Kuma wa zai taya Nawfer tura shi ruwa? Kin fi ni sani, jirgi ba ya shiga teku sai da kafaɗun maƙwabta, in inji ya mutu a tsakiyar ruwa su ne za su jawo shi. Ranar da gari ya ji yadda kuka same shi, kun rasa waɗannan kafaɗun.

Kin tambaye ni ko sata ce. Kafin Litinin, ke da tsohon duk waɗanda aka cuta ne. Yanzu kin sani. In kika biya don a fitar da shi da asuba a ɓoye, kin shiga cikin cutar da ƙafarki. Ba zan shafa miki mai a baki ba.

Shi Alhajin, zan yi masa adalci daidai gwargwado. Mai yiwuwa ne da farko bai yi niyyar cin kuɗin kowa ba, farashi ya karya 'yan kasuwa da yawa a shekarar nan, na gaskiya ma. Amma mai gaskiya in ya karye, tara mutane yake yi ya ce ga abin da ya rage. Ba ya hana rasit, ba ya tsorata mutane da kambun baka don kada su haɗa kai. Sirrin da ya ɗora muku shi ne jarinsa. Barazanar kotun ma haka: shi ya fi ku tsoronta, don can ba a shan shayi.

Ga abin da za ki yi, kuma kafin Alhamis. Ki faɗa wa mijinki yau, amma ba ku biyu kaɗai ba. Ki kira yayanki ko wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna, wuƙa ta zauna a inda take. Daga nan ku je wurin Baba tare. Ku ɗauki shugaban ƙungiyar masunta da mutum biyu daga kwamitin masallaci, ku je shagon da rana tsaka ba tare da sanarwa ba. A ɗauki hoton kwandalolin nan kafin fenti ya rufe su, a ɗauki lambar injin. A sa shi ya faɗi sunayen sauran biyun, ya rubuta abin da kowa ya ba shi, ya sa hannu a gaban shaidu. Ki nemo takardar bankin da kika ciro kuɗi da ta jinginar awarwaro, ranakunsu shaida ne. Jirgi da inji su koma hannun ƙungiya a ranar, kada su ƙara kwana a wurinsa. In ya ƙi, ku wuce wurin 'yan sanda ku huɗu, kuma ku ga lauya. Mutum huɗu da hoto ba a kore su da murmushi.

Me za ki samu? Ba duka ba, kada in yaudare ki. Jirgi ɗaya ba zai zama huɗu ba. Ko dai a sayar a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba, ko ku da Baba ku riƙe shi tare, ku riƙa biyan sauran biyun daga rabin mai jirgi, abin da ya rage ya zama bashi a wuyan Alhaji, a rubuce, da shagonsa a matsayin jingina. Ni na fi son ta biyun, amma sai an rubuta komai, har da wanda zai sayi kananzir, don haɗin gwiwa ma yana raba zumunci. Mai yiwuwa ku rasa kamun bana. Mai yiwuwa rabin kuɗinki ya tafi har abada, kuma mutanen gari su yi ta yi da ku cewa an yi muku wayo. Wannan ciwon ba ni da maganinsa, sai dai ki haɗiye.

Abin da ba zan yarda ba shi ne ki ƙara masa shekara biyu na rayuwarki. Yarinyar da ta fara sabawa da ke, kada ta sake tashi ta ga babu ke saboda Alhaji Thasleem.

Kin ce kina tsoron idon tsohon. Ki je ki kalle shi yau, 'yata. Yau mummunan labari kawai za ki kai masa, zai yi kuka, ku yi tare. In kika bari Alhamis ta wuce, jirginsa ne zai gani a hannunki, kuma gida uku ne tsakaninku har ɗayanku ya mutu.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya mayar miki da abin da ya tafi ta hanyar da babu hawayen kowa a ciki, ya dawo da masu fita teku gida lafiya.

Taki,
Gwaggo Jezeema